Dundufar da Aka Rage wa Gudu

Taubashina maƙeri ne, kuma shi ke auren ƙanwata, wato ta hanya biyu nake da ikon tsokanarsa, ban kuwa taɓa barin ko ɗaya ta yi tsatsa ba. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yawo babu wando nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini rago. Duk wanda ya san mu a ƙauyukan Kwaya zai gaya maka ɗayanmu ne kawai ke faɗin gaskiya, kuma ba ni ba ne.

Ban da ƙira, akwai wasan da ya gada a gidansu, wasan wulwula wuta. Sarƙoƙi biyu ne, kowace an ɗaura mata ɗan kwandon waya a baki, kamar girman dunƙulen hannu. Sai a cika kwandunan da garwashin kirya, ya riƙe sarƙa ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya shiga juya su. Iska tana hura garwashin, tartsatsi yana zuba, har ka daina ganin sarƙa, sai zobba biyu na wuta da mutum a tsakiya. Yakan haɗa zobban bisa kansa, ya raba su, ya zura ɗaya ta ƙarƙashin ƙafa, ya durƙusa yana juyawa. Ba a yin wasan sai da kaka, in an kwashe amfani, a gonar gyaɗar da aka tone, nesa da rumbuna da darni, tsakanin magariba da lisha.

Ba a kuma yinsa babu kiɗa. Fiye da shekara talatin mutum guda ke yi masa, makaɗin dundufa, doguwar gangar nan ta maƙera da ake kafawa a ƙasa. Siririn mutum ne marar son magana, sai in yana kiɗa yakan ɗan jefa kirari a tsakani. Taubashina kullum cikin ƙorafi yake a kansa. Wai duk jajibirin wasa sai mutumin ya zo maƙera tun da hantsi, ya jingina da ginshiƙin rumfa, ba ya zuga, ba ya miƙa awartaki, sai shan furar ƙanwata har la'asar.

"Ku biyu ne ragwayen ƙasar nan," yakan ce mini. "Amma shi ko ba komai yana da ganga."

Makaɗin ya rasu da damina. Ɗa namiji guda ya bari, bai koyi kiɗa ba, kabu-kabu yake yi a Dungas da moto, wato babur. Da kaka ta zo aka sa ranar aurensa, ya zo har maƙera ya durƙusa, ya ce yana so a wulwula wuta a bikinsa, tun da ubansa ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa wa bikin ƴaƴan wasu. Taubashina ya amsa a gaban mutane, ya ce ko da rarrafe ne zai yi. Sai bayan angon ya tada moto ya tafi muka dubi juna. Wa zai yi kiɗan? Aka ce akwai mai dundufa can wajen Magarya. Aka aika, aka tarar ya ajiye ganga tun da ya dawo daga Makka.

Nan ne na shigo cikin zancen. Ɗana da ke ci-rani a Aljeriya ya aiko mini da wani akwatin kiɗa baƙi, mai ɗaukar caji, ana soka masa ɗan kati kamar farce. Tun zuwan akwatin nan na zama mutum a gari, in za a yi suna ko biki har goro ake aiko mini. Lakwal, wato makarantar boko, aji uku na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni, na gaji da shi, muka rabu lafiya. Saboda haka kafin in haɗa baƙaƙen da ke wucewa a ɗan gilashin akwatin sun riga sun gudu, da ƙirgen dannawa nake gane waƙoƙina. Na ce wa taubashina ya kwantar da hankalinsa, makaɗa sun fi ɗari a aljihuna, kuma babu mai shan fura a cikinsu.

Muka fara gwaji da la'asar a gonar gyaɗa, da tsakuwa a kwandunan maimakon garwashi. Na danna sau huɗu, waƙar soyayya ta fito, irin ta finafinan Kano. Ya yi juyi biyu ya tsaya.

"Yanzu ni da furfurata zan riƙe wuta, yarinya tana kuka saurayi ya ƙi zuwa zance?"

"Kai ma ai tausayi kake ba mutane. Kun dace."

Na sa masa kiɗan ƴan kokawa. Wannan ya ɗan ja shi, amma ya ce kiɗan turo mutum gaba yake yi, shi kuwa wasansa zagaye ne, in ya bi shi zai faɗa cikin ƴan kallo ya rungumi wani. Na sa jitar Buzaye da gangan, don na san wasan da ke tsakaninsu da maƙera. Ko ɗaga sarƙar bai yi ba, ya ce in adana masa ita sai ranar da zai wulwula raƙumi. Kwana uku muna wannan. Akwai wani kiɗa na ƙasashen waje da ɗana ya saka, ka ce ana dukan ƙofar langa-langa. Abin mamaki shi ya fi kusa da dacewa, sai dai a tsakiyarsa kiɗan yakan ɗauke ɗif, wani ƙato ya yi magana da yarensu, sannan a dawo. Taubashina ya ce in wuta tana sama aka ɗauke masa kiɗa, a wuyansa za ta sauka.

Rana ta huɗu ina shan kunu da safe na tuna. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce na dawo daga Kano da rediyo mai kaset, kuma babu abin da ban ɗauka ba a garin nan: kukan jariri, faɗan mata a bakin rijiya, tarin liman. A ciki har da wasan wuta guda, na bikin wani wanzami. Matata ta tono kaset ɗin a ƙasan kwalla, cikin takardun haihuwar yara. Rediyon kam ya daɗe da mutuwa. Ranar kasuwar Dungas na hau amalanken maƙwabci, na kai wa mai butik ɗin da ke tura waƙoƙi a kati, wani magidanci mai gilashi, mai haƙuri da tsofaffi. Ya jawo tsohon rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya jona shi da na'urarsa. Kafin in gama da tsinken tsire biyu ya miƙo mini kati.

Da magariba na kira taubashina da ƙanwata gona. Na danna akwatin. Dundufa ta tashi. Marigayin ne, babu tantama, har da ɗan tsallen nan da yake yi a bugu na uku, wanda ba mai yi sai shi. Ƙanwata ta sa hannu ta rufe baki.

"Rago," in ji taubashina, "yau ka yi aiki. Je ka ɗebo garwashi."

Ya tuɓe riga, ya ɗaure wando, aka cika kwanduna. Da farko abin ya tafi daidai. Can sai na ga kafaɗarsa ta hagu tana zuwa a makare. Kiɗan yana gaba, shi yana baya, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi. Ya ƙara ƙarfi, daga inda nake ina jin numfashinsa. Da aka zo wurin haɗa zobba bisa kai sai sarƙoƙin suka harɗe, garwashi ya zubo masa a kafaɗa da doron wuya. Ƙanwata ta watsa masa rairayi. Ni kuwa na ruɗe, maimakon in kashe akwatin sai na ƙara masa murya.

Ƙunar ba ta yi yawa ba, maƙeri ne, fatarsa ta san wuta. Ya zauna a kan kunyar gyaɗa yana haki. Na ce, don in sa shi dariya, "Bawana ya gasu, saura yaji."

Bai rama ba. Shekara sittin ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Ya naɗe sarƙoƙinsa ya tafi gida. Washegari na leƙa maƙera, na hango su cikin tulin tsoffin ƙarafan da ake sarewa a yi lauje. Saura kwana tara biki.

Na sami ƙanwata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna ina taya ta, wato ina ci.

"Ya ce zai aika a ba angon haƙuri," ta ce. "Wai da kiɗan mutumin nasa ma ya kasa, to me ya rage."

"Kaset ɗin ne ke gudu. Ni ma na ji ya yi sauri. Bara ba haka marigayin ya kaɗa ba."

"Bara ba haka ya kaɗa ba. Amma ranar da ka ɗauka haka ya kaɗa, Yaya. Ina wurin, da goyo a bayana." Ta ture hannuna daga ƙwaryar. "Kai ma kana zaton fura yake zuwa sha?"

Ita ke kai furar, don haka ita ta gani. Mutumin yana jingine, ido a lumshe kamar mai gyangyaɗi, amma yatsansa yana kan gwiwa, yana bin masabar mijinta. In masaba ta sauka kan ƙarfe, yatsa ya sauka. Wunin nan duka awo yake yi. Gobe in an shiga fili, da wannan saurin zai kaɗa, ba da na bara ba. Kowace kaka yana rage kaɗan, ɗan kaɗan ɗin da kunne ba ya kamawa. Ta ce sau ɗaya ta taɓa yi masa maganar, ya ce mata duba kafaɗar yake yi ya ga yadda ta kwana bana, kuma kada ta gaya wa maigidan, don in ya ji zai ce sai ya nuna musu.

"Shi kuwa gogan yana ta cika mana baki wai har yanzu ɗan talatin ne," na ce.

"Kai ma haka kake faɗa a kanka, kuma ba wanda ya rage maka ganga."

Na tashi na bar mata gyaɗarta, amma maganar ta bi ni har gida.

Washegari tun da hantsi na je maƙera na ce na zo zuga. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya nuna mini zugazugi da haɓa. Salulata, wayar hannu, tana aljihun gaba, na riga na danna wurin ɗaukar magana. Ashe zuga aiki ne, daga nesa nake ganinsa kamar zama. Kafin azahar hannuwana sun zama na wani. Gatari yake ƙerawa. In ya zaro ƙarfen daga wuta ya ɗora, sai in saki zugazugin, in lumshe ido kamar yadda aka ce marigayin yana yi, in sa yatsa a gwiwa. Na ji abin da na shekara da shekaru ina zaune kusa da shi ban ji ba. Bugu uku, ɗan hutu, bugu uku. Hutun nan, da can babu shi. Bai yi mini magana ba duk wunin, sai sau ɗaya da ya ce in daina hura masa toka a ido.

Ban jira ranar kasuwa ba. Na hau moto zuwa Dungas, na ce wa mai moton ya zaga ta baya don kada mu bi ta inda angon ke tsayawa.

"Baba, katin ya ƙi yi ne?" in ji mai butik.

"Ya yi, har ya yi yawa. Kana iya sa makaɗi ya tsufa?"

Ya cire gilashinsa. Na yi masa bayani, na kunna masa ƙarar masaba. Ya ce rage gudu ba wuya, sai dai na'urarsa tsohuwa ce, in ta ja kiɗa baya tana jan murya ƙasa. Na ce ya ja. Ya ja kaɗan. Na manna salula a kunne ɗaya, ɗayan na ba dundufa, ina buga tebur da yatsa.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Da saura."

"Baba, kada fa ta koma kiɗan jana'iza."

"Ba a kiɗa a jana'iza. Ƙara."

A karo na biyar masaba da dundufa suka sauka wuri guda, suka ci gaba tare kamar sun yi shawara. Sai kirarin ya shigo. A kaset muryar saurayi ce, siririya mai kaifi. Yanzu ta yi kauri, ta yi nauyi, tana ɗan jan kalma. Muryarsa ce ta shekarar ƙarshe, wadda ya gaishe ni da ita a bakin masallaci kafin ya kwanta ciwo. Na daina buga tebur. Mai butik ya sunkuya yana neman wani abu a ƙasa har na gama goge fuska.

Can cikin kiɗan sai wani abu ya yi gurnani, dogo, mai kauri.

"Kusa da garke aka yi wasan?" in ji mai butik.

"Ni ne nake ihu."

"Sannu, Baba. In cire?"

"Bar shi, a san na je."

Na dawo na tarar da taubashina yana kashe wutar maƙera.

"Bawana," na ce, "ka yafe wa mai butik. Ya amsa kuskurensa ne. Rediyon da ya sa kaset ɗin a ciki sabon pil gare shi, sabon batir, shi ya ja kiɗan da gudu. Wancan ko saurayi ba zai bi shi ba. Yanzu ya gyara."

"Pil."

"Pil, sabo fil."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce in kunna. Ya saurara a tsaye, hannu a ƙugu, har kirarin ya wuce, har gurnanina ya wuce. Ya juya ya tono sarƙoƙin daga tulin ƙarfe, ya karkaɗe su a jikin ƙafarsa.

"Gobe ka zo da tsakuwa," ya ce. "Wannan saniyar da ke kuka a ciki kuwa na gane ta. Har yau ba a yanka ta ba."

Na tafi gida ina murna kamar an yi mini kyautar riga.

Ranar biki gonar gyaɗa ta cika tun kafin magariba. Amalanke da moto sun yi layi a bakin hanya, makiyayan rugar gefenmu ma sun zo da sandunansu sun tsaya daga baya. Aka shimfiɗa wa uwar ango tabarma a gaba. Ban gaya mata abin da za ta ji ba, kuma wannan laifina ne, ya kamata a ce na aika ƙanwata ta shirya ta. Na kife turmi na ɗora akwati a kai. Ƙanwata ta zo ta tsaya kusa da ni, ta riƙe hannun rigata. Marigayin da idonsa yake sanin lokacin tsayawa, in ya ga kafaɗa ta gaji sai ya rufe kiɗan. Kati kuwa ba ya gani.

"In na ja, ka kashe," ta ce. "Ka kashe na ce, Yaya, ba ka ƙara ba."

Aka idar da salla, duhu ya fara sauka, aka zuba garwashi. Na danna.

Ya fara a hankali, sarƙoƙin suna lilo kusa da ƙasa, sannan suka ɗaga. Zobban suka buɗe. Wannan karon ba ya bin kowa, kiɗan yana ƙarƙashin hannunsa kamar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. Tartsatsi yana zuba, yara suna ja da baya suna dawowa. Da kirarin ya shigo na ga uwar ango ta miƙe zaune, ta waiga gefen dama, inda aka saba kafa dundufa. Babu kowa a wurin sai ni da turmi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Angon ya bar abokansa ya zo ya durƙusa kusa da ita, bai tashi ba har aka gama.

Aka zo wurin haɗawa bisa kai. Yatsun ƙanwata suka matse rigata har na ji farcenta. Zobban suka hau, suka shiga juna, suka zama guda, suka rabu. Mata suka rangaɗa guɗa. Wurin zura sarƙa ta ƙarƙashin ƙafa kuwa bai yi ba, ya maye gurbinsa da juyi biyu a tsaye, kuma ban da mu babu wanda ya lura.

Ba da daɗewa ba ta ja rigata. Ban kashe nan take ba. Ta sake ja, har da mintsini. Na jira ɗan tsallen nan na bugu na uku, yana sauka na danna, kiɗan ya tsaya kamar da ma nan ne ƙarshensa. Shi ma a daidai nan ya sauke kwandunan biyu cikin rairayi, ya tsaya ƙirji yana hawa yana sauka, mutane suka rufe shi.

Da aka kira lisha taro ya watse. Na same shi zaune a bakin wani amalanke, ƙanwata tana shafa masa man kaɗanya a kafaɗa.

"Ka ga abin da nake faɗa maka," na ce. "Pil ne."

"Pil ne," ya ce. "Mai butik ɗin nan naka, zaunanne ne a Dungas ko ɗan ci-rani?"

"Zaunanne ne, har gida ya gina."

"To baɗi in muna da rai, ka koma masa kafin kaka. Ka ce ya ƙara ja kaɗan."

Ƙanwata ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da shafa. Na ce to.

"Kuma wannan satin ka sa ya yi wa uwar ango kati nata," ya ce. "Mai nauyin za a sa mata, ba wancan ba. Shi ta fi sani."